Tsohon da Na Yi wa Sadaka a Gindin Jirgin Kwal

Shekara shida ke nan ina zaune a Leeds, a arewacin Ingila, har na fara ɗaukar kaina wanda ya gama sanin ƙasar, mai ba sababbin zuwa shawara a kan kuɗin haya da haraji da inda ake samun naman halal. Wata Asabar ta watan Yuni ce ta sauke mini wannan girman kai, kuma wanda ya sauke shi wani tsoho ne da ƙurar kwal ta rine wa fuska, wanda na zura hannu a aljihu na miƙa wa fam 5 don tausayi.

Yara ne suka matsa sai an kai su ganin jirgin ƙasa mai hayaƙi, saboda malamarsu ta ba su labarinsa a makaranta. A Yorkshire akwai irin waɗannan layuka da dama, tsofaffin layukan dogo da hukuma ta rufe, jama'ar gari suka karɓa suka farfaɗo da su, suna tafiyar da jiragen kwal a kansu don masu yawon buɗe ido. Muka zaɓi guda. Ranar ta soma ne da ɓacin rai, domin jirgin zamani da zai kai mu garin da layin yake an soke tafiyarsa ba tare da wani dalili mai shiga kunne ba, aka lafta mu a bas, muka shafe awa ɗaya da rabi a tafiyar da ba ta kai minti 40 ba. Duk wanda ya ce muku jiragen ƙasan Ingila ba sa makara, ku tambaye shi shekarar da ya baro ƙasar. Tikitinsu da tsada, soke tafiya ba ya yi musu wuya, sai dai a ba ka haƙuri ta lasifika da murya mai sanyi, kamar haƙurin ne zai kai ka inda za ka.

Da muka isa tsohuwar tashar, wari ne ya fara tarye mu, na hayaƙin kwal da baƙin mai mai zafi, sannan muka ga abin da kansa. Ni haihuwar Zariya ne, kuma gawar jirgin kwal kawai na sani. Muna yara mun sha hawa kan waɗansu matattun kawunan jirgi da aka yasar cikin ciyawa a wajajen loko, tsatsa ta cinye su, ƙadangaru sun mayar da su gida. Ban taɓa kawowa a raina cewa abin yana da rai ba sai ranar nan. Ga shi tsaye baƙi wuluk yana sheƙi, ƙafafunsa sun fi babban ɗana tsawo, tagullarsa an goge ta kamar tasar amarya, yana huci a hankali kamar bijimin da aka ɗaure yana jiran a kwance shi. Ƙaramar 'yata ta riƙe zanen uwarta ta ƙi matsawa.

A gindinsa ne na ga tsohon. Zai kai shekara 70, sanye da shuɗin kayan aiki da mai ya jiƙa, ya durƙusa yana ɗiga mai a gaɓoɓin sandunan da ke juya ƙafafun, gumi yana yanka hanya a cikin baƙin da ke goshinsa. Da ya miƙe sai da ya dafa ƙugu. Nan take na yanke hukunci irin wanda muka saba yanke wa Turawa, na ce wa maiɗakina da Hausa ta dubi yadda mutanen nan suke wulaƙanta tsofaffinsu, ga mutum ya tsufa fansho bai ishe shi ba, 'ya'ya sun watse sun bar shi yana cin wuya a bakin wuta. Na matsa kusa, na dunƙule takardar fam 5 yadda ake yi a gida don kada a kunyata mai karɓa, na ce, “Baba, ga wannan a sha shayi.”

Ya dubi hannuna, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har ya kira direban da ke sama ya leƙo. Da ya natsa, ya gaya mini cikin ladabi cewa shi likita ne mai ritaya, ya yi shekara fiye da 30 yana aikin asibiti, kuma ba a biyansa ko sisi a wannan aiki. Shi ne ma yake biyan kuɗin zama ɗan ƙungiya duk shekara, ya sayi kayan aikinsa, ya sha wa motarsa mai, ya baro gida tun duhun asuba. Ya nuna mini wani akwati a jikin bango, ya ce idan sadaka nake son yi, tukunyar jirgin ce mabukaciya. Na juya na ga maiɗakina ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na je na jefa kuɗin a akwatin, na ƙara da wani fam 5 don wanke fuska.

Da abin ya tsaya nan, da labarin raha ne kawai na teburin mai shayi. Amma sai ya tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya, ya ce wane gari, na ce Zariya, ina tsammanin zai gyaɗa kai irin na wanda bai taɓa jin sunan ba. Sai idonsa ya yi haske. Ya ce ai Zariya mahaɗa ce, daga nan layi ya miƙe zuwa Kano inda jirgi ya fara isa a 1911, wani ya ratse ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙaura Namoda, kuma akwai wani ɗan siririn layi da ya taɓa hawa daga Zariya zuwa tsaunukan Jos don ɗauko kuza, wanda aka rufe a 1957. Bai taɓa taka Afirka ba, a littattafai da mujallu ya karanta. Ya ce akwai wani jinsin kawunan jirgi da aka ƙera wa Najeriya bayan yaƙin duniya na biyu, waɗansu a masana'antar Vulcan Foundry da ke Newton-le-Willows tun daga 1948, kowanne an sa masa sunan wani kogi, kuma ƙirar ta yi kyau har aka kwaikwaye ta aka yi wa Afirka ta Gabas irinta. Sannan ya yi mini tambayar da har yau take cina: guda nawa suka rage, kuma akwai wanda za a iya hura wa wuta ya tashi?

Na yi shiru. Baffana, ƙanen mahaifina, ya yi ƙuruciyarsa yana zuba kwal a cikin irin waɗannan jirage tsakanin Zariya da Kano, yana nan da ransa, a gabansa na girma, kuma ban taɓa zama na tambaye shi ko da sunan jirgi ɗaya ba. Abin da na sani game da aikinsa shi ne tabon ƙuna a damtsensa da kuma wahalar da yake sha wajen bin fansho. Ga Bature da ya san hanyar Ƙaura Namoda a ka, ga ni ɗan gida ina sosa ƙeya. Kunyar sadakar ta zama ƙarama a kan wannan.

Ko ya lura da halin da na shiga ne, sai ya sauya magana, ya ce in hau da yaran mu leƙa ɗakin direba kafin lokacin tashi. Wuri ne ɗan ƙarami mai zafin gaske, ba kujerar kirki, sai famfuna da agogunan awo da wata ƙofar ƙarfe da ya buɗe muka ga wuta fara fat tana ruri. Ya yi mana bayanin aikin da nake ganin na jahilci ne, wato zuba kwal. Ashe ba a watsa shi yadda aka ga dama. Mai wuta sai ya san inda ramin ya yi sirara ya cike shi, ya san hawan da ke gaba ya gina wutarsa tun kafin a kai, ya karanta launin hayaƙi, domin baƙin hayaƙi alama ce ta kwal da ke tafiya a banza, kuma idonsa ba ya barin kwalbar da ke nuna yawan ruwan tukunya, saboda idan ruwa ya ja baya har rufin ramin wutar ya bushe, ƙarfen zai yi laushi, abin da zai biyo baya kuwa ba a fatan gani. Ya ce tukunyar da ta huce ba a gaggauta mata, tun jiya aka kunna mata 'yar wuta da tsumma da itace don ta ɗumama a hankali, in ba haka ba ƙarfen ya buɗe ba daidai ba ya fara yoyo. Shi kuma da likitancinsa, da ya zo wurin, tsumma aka ba shi. Ya yi shekaru yana goge ƙafafu da kwashe toka a ƙarƙashin jirgi kafin a yarda ya zauna jarrabawar mai wuta, kuma wanda ya koya masa aikin direban babbar mota ne. Direban da ke tsaye a gefenmu ranar, mai ba shi umarni, bai kai shekarun ɗansa ba.

Wannan na daɗe ina juya shi. A gida, mutum ya kai matsayin babban likita ya yi ritaya, sannan a gan shi da shebur yana karɓar umarni daga yaro, ai kafin la'asar dangi sun taru an fara neman mai ruƙiyya. Mu girma a wurinmu shi ne hannu ya daina taɓa datti, a shimfiɗa darduma a ƙofar gida, a karɓi gaisuwa. Ban raina wannan ba, domin tsohon da ake gaisarwa safe da yamma ya fi da yawa daga cikin tsofaffin nan da nake gani su kaɗai a bas da karensu. Sai dai mun haɗa wannan girma da ƙyamar aikin ƙarfe, har ilimin da ke hannun maƙeri da makanike da fita mai haɗa inji ba ma lissafa shi cikin ilimi, ya mutu da mai shi ba wanda ya yi asarar barci.

Su ma Turawan ba da wayo suka fara ba. Hukumar jiragen ƙasansu ta yi wa jirgin kwal kisan gilla. Na ƙarshe da ta ƙera, Evening Star, ya fito a 1960, kuma bai yi shekara shida yana aiki ba aka ajiye shi. Rahoton da shugaban hukumar, Beeching, ya fitar a 1963 ya sa aka rufe dubban mil na layuka da tashoshi fiye da 2,000, kuma a watan Agusta na 1968 aka yi tafiyar ƙarshe ta jirgin kwal a manyan layukan hukuma. Dubban kawunan jirgi aka sayar wa masu yankan ƙarfe, 'yan gwangwan ɗinsu ke nan. Abin da ya ceci da yawa sa'a ce tsagwaronta. Wani mai sayen tsohon ƙarfe a garin Barry da ke Wales, Dai Woodham, ya ga yanka taragun kaya ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, sai ya jera kawunan jirgin a fili ya bar su sai ya samu sarari. Kafin ya samu sararin, ƙungiyoyin masu sha'awa suka fara zuwa da kuɗin karo-karo suna saye ɗaya bayan ɗaya, har aka fitar da 213 daga filin nan. Waɗansu sun yi shekara 20 a iskar bakin teku, sun ruɓe fiye da waɗanda muka yi wasa a kansu a Zariya, kuma yau suna jan fasinja. Layukan kuwa, ƙaramin layin Talyllyn na Wales ne na farko a duniya da 'yan sa-kai suka karɓa suka ci gaba da tafiyarwa, a 1951, Bluebell a kudancin Ingila ya biyo a 1960. A nan cikin Leeds ma akwai layin Middleton, wanda asalinsa ya koma 1758, ina wuce shi a mota shekara da shekaru ban san mene ne ba.

Kada a ɗauka na dawo ina yabon komai. Tikitin manya ya haura fam 20 kowane mutum, ga na yara, a kan tafiyar 'yan mil kaɗan da za a kai ka a dawo da kai inda aka ɗauke ka, kuma doka ba ta yarda irin waɗannan layuka su wuce gudun mil 25 a awa ba. Idan na juya abin da na kashe ranar zuwa naira, sai in ji kamar na yi saɓo. Shayin da ke tashar ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa, abincin kuwa duk inda ka duba naman alade, muka ƙare da dankali da biskit. Da azahar ta yi, na zagaya ban samu inda zan yi alwala cikin mutunci ba, na yi salla a bayan wani ɗakin ajiya kan jikakkiyar ciyawa, wani kare yana kallona. Na kuma yi wautar sa farin kaftani, na leƙa ta taga jirgi na shiga wani rami a ƙarƙashin tudu, na fito kamar an yayyafa mini barkono, wani ɗan garwashi ya faɗa mini a ido na yini ina hawaye. Sannan akwai masu ɗaukar hoto, waɗanda na fi jin haushi. Dattawa ne riƙe da kyamarori masu dogon baki, suna tsaye tun safe suna jiran hayaƙi ya tashi daidai yadda suke so, kuma ɗaya daga cikinsu ya daka mini tsawa in kauce don na shiga hotonsa, ba ko gaisuwa. A duk tashar mu kaɗai ne baƙaƙe, kuma mun ji hakan a jikinmu ko da ba wanda ya ce komai.

Duk da haka, jirgin da 'yan fansho ke tafiyarwa kyauta ya tashi a kan mintinsa, ya iso a kan mintinsa, abin da kamfanin da na biya da safe ya kasa. Mai duba tikiti ya huda ɗan kwalin tikitinmu ya ba yaran su ajiye. A wata tasha na ga direba ya miƙa hannu ya karɓi wani ƙarfe a cikin zobe daga mai sigina, aka ce mini shi ne izinin shiga layin da jirgi ɗaya kawai yake ɗauka, kuma ko sarki ne ba ya shiga sai da shi a hannu. Ba mai sa ido daga sama, ba albashin da za a yanke wa wani, amma kowa yana bin ƙa'idar kamar ransa ya dogara da ita, kuma da gaske ya dogara.

Kuɗin tikitin ma da na ji inda yake tafiya sai na rage ƙorafi. Kowace tukunya tana da takardar izini ta shekara 10. Idan ta cika, ko jirgin yana tafiya lafiya lau, dole a tsayar da shi, a ɗaga tukunyar, a zare bututunta, mai bincike ya duba kowane lungu kafin a sake hura mata wuta, kuma irin wannan gyara yakan ci dubban ɗaruruwan fam da shekaru ana yi. Kayan gyara ba a sayar da su a kanti, sai a koma tsohon zane a ƙera sabo. Shahararren kan jirgin nan Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923 kuma ya kai gudun mil 100 a awa a 1934, gidan tarihin jiragen ƙasa na York ya saye shi a 2004 a kan fam miliyan 2.3, gyaransa kuma ya ci fam miliyan 4.2 kafin ya dawo aiki a 2016. Waɗansu ma da suka ga an yanka wani jinsi kaf ba a bar ko ɗaya ba, sai suka yi karo-karo na kusan shekara 20 suka ƙera sabo fil a Darlington, suka sa masa suna Tornado, ya fara tafiya a 2008, ko da yake tukunyarsa sai a Meiningen ta Jamus aka samu masu iya haɗa ta. Abin dariyar shi ne kwal. Ƙasar da ta gina arzikinta a kan kwal ta rufe ramin haƙarta mai zurfi na ƙarshe, Kellingley, nan kusa da mu, a Disambar 2015, mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales da layukan nan suka dogara da ita ta tsaya a ƙarshen 2023, yanzu sai a yi odar kwal daga ƙasashe irin su Kazakhstan da Kolombiya a ninkin kuɗi. Har gwajin wani curin gawayi suke yi da ake haɗawa da ɓawon zaitun.

Bayan makonni na je York ni kaɗai don in ga yadda abin yake a babban layi, inda jirgin kwal ke ratsawa tsakanin jiragen lantarki masu gudu. Bayan 1968 hukuma ta hana wannan, Flying Scotsman ne kawai ya tsira saboda yarjejeniyar da mai shi na lokacin, Alan Pegler, ya riga ya ƙulla, sai a 1971 aka sassauta. Yau ana barinsu, amma da sharuɗɗa masu tsauri: sai an ɓoye musu na'urorin zamani masu taka birki da kansu idan direba ya tsallake jar sigina, da mai naɗar bayanan tafiya, kuma manyansu galibi ba sa wuce mil 75 a awa. Tankunan ruwan da ke bakin hanya a da an rushe yawancinsu, don haka sai tankar mota ta tare jirgin a wata tasha a ba shi ruwa da tiyo, yayin da ma'aikatan da ke kwana a taragon bayansa suke gaggawar tura kwal gaba da shafa mai. Idan rani ya yi tsanani ciyawa ta bushe, sai a hana su fita ko a liƙa musu injin dizal a baya ya yi turin, don kada tartsatsi ya tayar da gobara, masu tikitin da suka biya kuɗi mai yawa don jin kukan tururi su yini suna gunaguni. Ni ban hau ba, aljihuna bai kai ba. Na tsaya a dandamali cikin ɗaruruwan mutane, ya shigo ƙarƙashin babban rufin tashar yana kuka, hayaƙi ya cika ko'ina, na ga wani tsoho kusa da ni yana share hawaye. Su ma suna da nasu rashin jin magana, domin ranar da Flying Scotsman ya dawo a 2016, masu kallo sun tsallake shinge sun hau kan layi har sai da aka tsayar da jirage. Daga tashar na taka zuwa gidan tarihin, wanda shigarsa kyauta ce, na tsaya gaban Mallard, shuɗin jirgin da ya yi mil 126 a awa a 1938, gudun da ba wani jirgin kwal da ya karya har yau.

Abin da ya fi ƙona mini rai a duk binciken da na shiga bayan haɗuwata da likitan shi ne labarin Saliyo. Da ƙasar ta rufe layin dogonta, 'yan sa-kai na layin Welshpool da Llanfair a Wales suka je a 1975 suka sayo kan jirgi ɗaya mai lamba 85 da waɗansu taragu, suka gyara, ya yi shekaru yana jan fasinja a ƙauyukan Wales. Layin Welsh Highland kuma da jiragen da aka kwaso daga Afirka ta Kudu yake hawa tsaunuka. Saliyo ɗin da kanta, duk da yaƙin da ta sha, ta buɗe gidan tarihin jiragen ƙasa a Freetown a 2005 da abin da ya tsira. Mu da jirgi ya ɗauke mana dalar gyada daga Kano, ya haifi Kaduna da Kafanchan, ya cika Sabon Garin Zariya da mutane, abin da na sani muna da shi shi ne ɗan gidan tarihi na Jaekel House a Ebute Metta ta Legas. A Arewa kuwa, ƙarfe idan ya kwanta kwana biyu, ido ɗaya muke kallonsa da shi, na kilo nawa zai yi a sikelin 'yan jari-bola, har layin da ke shimfiɗe ba a bari ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da ƙarfi: likitan nan cikinsa a ƙoshe yake, fanshonsa yana shiga a ranarsa, wanda bai ci ba kuwa ba a ce masa ya je ya goge tagulla kyauta. Gaskiya ne, kuma ba zan ce wa Baffa da abokansa su yi aikin sa-kai ga hukumar da suka tsufa suna bin haƙƙinsu ba. Amma kada mu ce ba mu iya kashe dukiya a kan abin gado ba. Gidaje nawa ne a Zariya da Kano da Katsina suke ciyar da doki shekara guda cur, da dawa da harawa da mai kula, a sayi kayan ado na maƙudan kuɗi, don hawan kwana biyu ko uku na salla? Ba wanda ya ce wannan ɓarna ce, ni ma ban ce ba. Masu kuɗin da za su iya ɗaukar nauyin kan jirgi ɗaya muna da su, makanikan da ke tayar da matacciyar mota a Panteka da hannu da basira muna da su, aikin gayya kuma ba Bature ne ya koya mana ba. Jirgin ne ba mu taɓa ɗauka namu ba, na gwamnati ne, abin gwamnati kuwa ba shi da uwa.

A daren Lahadi na kira Baffa. Bayan gaisuwa da tambayar iyali, na ce, “Baffa, ina so ka ba ni labarin jirgin kwal.” Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce, “Yau kuma? Wa ya aiko ka?” Na gaya masa komai, har da sadakar, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Daga nan ya ɓalle. Ya yi fiye da awa ɗaya yana magana, katin wayata ya ƙare na sake sawa. Ya ce shi ma da tsumma ya fara, ya yi shekaru yana kwasar toka kafin a ba shi shebur. Ya kwatanta yadda ake shimfiɗa wuta, kauri a gefe da baya, sirara a tsakiya, kusan kalma da kalma yadda likitan ya faɗa. Ya tuna ƙarfen izinin shiga layi, ya tuna yadda yaƙin basasa ya yanke musu kwal ɗin Inugu, da yadda dizal ya zo ya karɓe aikin aka mayar da su wasu sassa. Na kunna na'urar naɗar murya tun daga tsakiya, ina jin haushin abin da ya wuce ban kama ba.

Na koma layin a watan Satumba da amsoshin waɗansu tambayoyin likitan a rubuce, wannan karon da baƙar riga. Ya karanta a tsaye a gindin jirgin, ya ba ni sababbin tambayoyi uku in kai wa Baffa, ɗaya a kan yadda kwal ɗin Inugu yake ci, ya kuma ce in isar da gaisuwa daga mai wuta zuwa mai wuta. Da na isar, Baffa ya ce yana amsawa, ya amsa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi tasa. Ya ce, “Ɗana, in Allah ya sa na zo wurinku, kana ganin za su bar ni in zuba ko da shebur biyar?” Shekarunsa sun haura 80, gwiwoyinsa ba sa kai shi masallacin Juma'a sai a mota, fasfo ma bai taɓa yi ba. Na ce masa zan tambaya, kuma na tambaya. Likitan ya ce a gaya masa ya zo da hularsa, shebur suna da shi.